Yadda ake auna matsin hayaƙi a mota mai turbo kafin a taɓa salansa

Motoci masu turbo sun daɗe da wuce birnin Kano sun shigo garuruwanmu. Daga Wudil zuwa Gaya har Dutse za ka ga Golf GTI da Audi masu injin 1.8T a hannun samari, ka ga Mercedes C250 da Honda Accord mai injin 1.5, ga kuma Hilux da wasu Sharan masu shan gas, waɗanda su ne ke aikin wahala. Ciwon da aka fi kawo su da shi gareji kusan iri ɗaya ne. Mota tana tashi lafiya, tana silo lafiya, amma da an hau titi an taka totur sai ta yi nauyi ta ƙi sakin jiki, inji ya ɗau zafi, mai kuma ya riƙa tafiya kamar ana zubar da shi. Hukuncin da ake yankewa ma bai cika canzawa ba: ko a ce turbo ya mutu, ko a ce indomi, wato abin da ke tace hayaƙi a bututun salansa, ya toshe, a fasa a zubar. Sau da yawa ba wanda ya auna komai.

Awon kuwa ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Geji biyu, guntun fayif, tiyo da mutum biyu masu natsuwa sun isa, ko da garejin na ƙarƙashin darbejiya ne. Abin da yake so shi ne a san inda ake aunawa, a kuma san halin da inji yake ciki lokacin da aka karanta allura.

Wurin awo biyu ne

Turbo farfela biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ya fito daga silinda yana taruwa a manifol ya bugi farfelar farko ya juya ta, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke cusa iska cikin inji. Daga nan hayaƙin ya gangara bututu, ya ratsa katalis, wato abin da kanikawa ke kira indomi, ya bi tukunyar salansa ya fita waje. Matsin da ke cikin manifol kafin farfela dole ne ya yi yawa, domin shi ke yin aikin. Wanda ke cikin bututu bayan farfela kuwa, iya ƙanƙantarsa iya alherinsa. Wanda ya ga psi 20 (psi ma'aunin matsi ne) a manifol ya ce salansa ta toshe ya yi kuskure, haka ma wanda ya ga psi 12 a bayan turbo ya ce ba komai.

Akwai lissafi ɗaya da ya kamata ya zauna wa kowa a kai. Abin da ke juya farfelar hayaƙi shi ne ninkin matsin da ke shigar ta a kan wanda ke wajen fitarta. Iskar sarari da kanta tana da matsi, a ƙasar Kano da Jigawa kusan psi 14 ne, kuma daga nan geji yake fara ƙirga sifili. A ɗauka farfelar tana buƙatar ninki biyu da rabi idan an danne totur. In salansa a buɗe take, 14 sau biyu da rabi ya ba da 35, a cire 14 na sarari, gejin manifol zai nuna 21. To idan katalis ya fara toshewa ya ƙara psi 4 kacal a bayan turbo, lissafin ya koma 18 sau biyu da rabi, wato 45, geji ya nuna 31. Psi 4 a bututu ya zama psi 10 a bakin bawul.

Wannan ƙarin fistin ne ke biyan kuɗinsa. Sai ya yi kokawa kafin ya tura hayaƙi waje, ragowar hayaƙi mai zafi ya zauna a silinda ya tare wa sabuwar iska wuri, fetur ya fara fashewa kafin lokacinsa, kwamfutar mota ta ja taimin baya don ta kare injin. Duk mai noman rani ya san yadda injin ban ruwa ke gurnani idan tiyon fitar ruwa ya lanƙwashe: mai na ƙonewa, ruwa ba ya zuwa.

Kayan aiki

Don awon bayan turbo a nemi geji mai ƙaramin ma'auni, daga sifili zuwa psi 10 ko 15. Irin wanda ake gwada famfon fetur na motocin kafireto da shi ya yi daidai. Don awon manifol a nemi mai kaiwa psi 60, wato kusan bar 4, kuma in da hali a sayi mai ruwan gilisarin a ciki, domin hayaƙi bugu-bugu yake fitowa, busasshen geji allurarsa rawa za ta yi ta yi har a kasa karantawa. Gejin baƙin mai mai kaiwa 100 ba ya ganin psi 2, kada a ɓata lokaci da shi a bayan turbo. Ana samun waɗannan a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari idan an shiga Kano.

Sai fayif. Hayaƙin injin fetur mai turbo yana iya haura digiri 900 a ma'aunin salshiyas idan ana tsananin gudu, na gas bai kai haka ba amma shi ma ya fi ƙarfin roba nesa ba kusa ba. Saboda haka ba a haɗa tiyo kai tsaye. A sami fayif ɗin jan ƙarfe na masu gyaran firji da AC, mai faɗin kwatan inci, tsawon mita ɗaya ko fiye, a naɗe shi zagaye huɗu ko biyar a jikin kwalba don ya zama kamar sifirin. A cikin naɗin nan zafi ke sauka. Bayan sa ne tiyon roba zai ɗora har zuwa geji, a tsakiya a saka ƙaramar matatar fetur irin ta babur don ta tare toka da ruwan da ke taruwa. Kowace mahaɗa a ɗaure ta da kilif.

Abu na ƙarshe shi ne kan da zai shiga jikin bututu. Ramin sansar oksijin, wadda ke auna iskar da ke cikin hayaƙi, a kusan duk motoci tiredinsa M18×1.5 ne. Hanya mafi araha ita ce a sami matacciyar sansa, a yanke samanta, a farfashe farin tangaran ɗin da ke ciki, mai walda ya liƙa mata guntun fayif. Wanda yake da gejin kwamfireshan mai kan milimita 18 shi ma zai shiga, amma sai an zare ɗan bawul ɗin da ke bakinsa, in ba haka ba allura za ta hau ta ƙi sauka.

Kafin a kusanci mota, a toshe bakin layin da yatsa a hura shi da famfon keke, a shafa ruwan sabulu a mahaɗai. Layin da ke yoyo zai nuna maka salansa lafiyayya alhali a toshe take.

Awon farko, mota a tsaye

Da bayan turbo ake farawa kullum, don ya fi sauƙi kuma yawancin laifi can yake. A ajiye motar a fili inda iska ke kaɗawa. Kada a yi wannan aiki a cikin shago ko zaure, hayaƙin mota yana kashe mutum ba tare da ya ji wari ba. Kada kuma a tsaya kan busasshiyar ciyawa ko karan dawa, katalis mai zafi yana tayar da gobara. In za a shiga ƙarƙashi, a yi amfani da rami ko ƙafafun ƙarfe. Bulo da jak kaɗai ba abin dogaro ba ne.

A ɗumama inji kaɗan a kashe, domin sansa ta fi kwantuwa da ɗumi. A nemo sansar farko, wadda a yawancin motoci ke tsakanin turbo da katalis. A fara cire soket ɗin wayarta tukuna don kada wayar ta murɗe, a fesa man sassauta tsatsa, a kwance ta da sifana mai lamba 22. A ɗaura kan da aka haɗa a gurbinta, a bi da fayif nesa da fanka da bel da wayoyi.

A tayar da inji a bar shi ya kai zafinsa na aiki. Fitilar inji za ta kama tunda an cire sansa, wannan ba abin damuwa ba ne a gwajin tsaye. A silo, allura ta kwanta kusa da sifili, kada ta wuce psi 1 zuwa 1.5. A ɗaga inji zuwa juyi 2500 a minti a riƙe shi nan kamar rabin minti. Ƙa'idar da masu gyara suka saba bi ita ce kada ya haura psi 3. A lura da halin allurar ma, ba lambar kaɗai ba: idan ƙafa na wuri ɗaya amma allura tana ta hawa a hankali, hayaƙi na shiga fiye da yadda yake fita. Sannan a daki totur sau ɗaya a saki. Ya kamata ta yi tsalle ta dawo nan take. In ta yi jinkirin sauka, akwai abin da ya tare hanya.

Wanda bai sami ƙaramin geji ba yana iya aron farin tiyon da magina ke duba lebur da shi. A lanƙwasa shi kamar harafin U a jikin katako, a zuba ruwa zuwa rabi, baki ɗaya a haɗa da layin, ɗayan a bar shi buɗe. Bambancin santimita 70 tsakanin ruwan ɓangarorin biyu shi ne psi 1. A awon silo wannan ya fi geji da yawa gaskiya. Sai dai ba a dukan totur da shi, ruwan zai yi feshi.

Awon kan titi

A nan mota mai turbo ta bambanta da sauran. Idan giya tana firi, ko an ɗaga inji sama turbo ba ya cusa iskar kirki, don haka hayaƙin da ke fita kaɗan ne. Katalis da ya toshe rabi zai iya cin jarrabawar tsaye sumul, sai an ɗora wa inji nauyi asirinsa ya tonu. In awon tsaye ya nuna toshewa ƙarara, ba sai an je titi ba. In ya fito lafiya amma mota na nan da ciwonta, titi ya zama dole.

Kada a danne totur a kan titi da sansar farko a cire, musamman motar fetur da aka taɓa wa kwamfuta don ƙarin gudu. Sababbin injuna da sansar nan suke daidaita mai har a cikakken totur. A mayar da ita gurbinta, mai walda ya huda wani rami kusa da ita, kafin katalis, ya liƙa noti, a ɗaura layin a nan. Tunda hujin a bayan turbo yake, ɓarɓashin ƙarfe ba zai koma farfela ba.

Gejin a manna shi da tef a wajen gilashin gaba inda na kusa da direba zai gani, ko kuwa in an shigo da shi ciki a sauke gilasai, don tiyo na iya fita ya cika mota da hayaƙi. Direba titi kawai zai kalla. Na gefe shi ne zai ɗauki bidiyo da waya, ya haɗa geji da agogon juyin inji a hoto ɗaya. Daga baya a zauna a inuwa ana tsayar da bidiyon ana rubutawa.

A zaɓi miƙaƙƙen titi da ake hango nesa, inda babu gari ko makaranta ko mashigar shanu, da sassafe kafin babura da amalanke su fito. Ranar Juma'a a manta da hanyoyin da ke shiga Wudil, ranar Alhamis a manta da na Maigatari, ranakun kasuwarsu ke nan. A sa giya ta uku, a sauko zuwa juyi 2000, a danne totur har ƙasa a bar inji ya hau har kusa da jan layi, sannan a saki. Giya ta uku a irin su GTI tana wuce kilomita 100 a awa, saboda haka in titin bai ba da dama ba a haƙura da ƙarshen juyin. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, tudu ba ya samuwa ko'ina, amma Hilux ana iya loda mata buhunan masara ta yi aikin da ake so ba tare da gudu mai yawa ba. A maimaita sau uku, ana barin inji ya huce a tsakani. Maimaitawar tana da dalili: katalis da ya farfashe, gutsurensa yakan juya ya toshe hanya yanzu, an jima ya kauce.

Lambar da za a gani ta danganta da mota. Salansar kamfani mai katalis tana iya kai psi 5 ko ta ɗan haura a ƙarshen juyi kuma lafiyarta ƙalau. Wadda aka faɗaɗa don gudu ana sa ran ta tsaya wajen 2 ko 3. Amma idan allura ta zarce 10 tun inji bai yi nisa ba, kuma daidai nan motar ta yi nauyi, an kama ɓarawo. Ma'aunin da ya fi kowanne shi ne a sami lafiyayyar mota irinta a auna a kwatanta.

Gano inda ya toshe

A wannan gaɓar ne mai mota kan ce, "Oga, a fasa indomin kawai a huta." Amsar ita ce, "Alhaji, bari mu auna bayansa tukuna." A mayar da layin zuwa ramin sansa ta biyu, wadda ke bayan katalis, a sake gwajin. In matsi ya faɗi warwas a nan, katalis ne. In yana nan da yawansa, katalis ba shi da laifi, matsalar tana gaba.

Kuma a hanyoyinmu na karkara sau da yawa gaban take. Bututu ya daki dutse ko kunyar hanya ya lotse. Mahaɗar nan mai laushi mai kama da saƙa, cikinta ya zube ya tare rami alhali wajenta lafiya. Farantan cikin tukunya sun ci tsatsa sun faɗi. Mai walda ya yi faci da fayif ɗin ruwa da bai kai faɗin na asali ba, ko ya yi kwana mai kaifi inda kamfani ya yi mai laushi. Da damina laka kan cushe bakin salansa, motar da ta daɗe a ajiye kuma har zanzaro yana gini a ciki.

In ta tabbata katalis ne, a tambayi abin da ya kashe shi, domin ba ya narkewa haka kawai. Fulogi ko koyil da ke fashi suna tura ɗanyen fetur ya ƙone a cikinsa. Turbo ko zoben fistin da ke zubar da baƙin mai suna liƙe ramukansa. Gurɓataccen man bakin hanya ma yana taimakawa. Mai mota ya kuma sani cewa akwai ƙarafa masu tsada a ciki, filatinam da faladiyam da rodiyam, shi ya sa yake da masu saye, shi ya sa kuma wasu ke gaggawar yanke masa hukunci. Ni a ganina wanda ya mutu a sauya shi da wani, lafiyayye kuwa a bar shi inda yake. A motocin gas na baya-bayan nan masu matatar toka, akwai sansar kamfani da ke auna bambancin matsi gaba da bayan matatar, ana karanta ta da na'urar OBD, wadda ake jona wa kwamfutar mota, ba sai an huda komai ba.

Awon manifol

Wannan na wanda bayan turbo ya fito masa tsaf amma ƙarfi bai dawo ba ne, ko wanda ya ƙara wa turbo matsi yana son sanin ko ya kai iyakarsa. Ana huda manifol a inda bututun silinda suka haɗu, dab da bakin turbo, da bakin diril mai kusan milimita 8.6, a yanka tiredin 1/8 NPT. A sauke manifol ɗin a yi aikin a kan benci a wanke shi tas. Na san akwai masu shafa giris a bakin diril su huda a jikin mota, amma ɓarɓashi ɗaya ya isa ya gutsure farfelar da ke juyi sama da dubu ɗari a minti. A nan kan da za a ɗaura ya zama na ƙarfe, taƙin farko na layin ma a yi shi da fayif ɗin birki na ƙarfe kafin jan ƙarfe ya ɗora, domin waldar tagulla ba ta jure zafin wurin.

Wasu injuna ba su ba da wannan dama ba. Honda 1.5 mai turbo da injin EA888 zubi na uku na Volkswagen da Audi, manifol ɗinsu a cikin kan silinda aka zuba shi. Kada a kai diril kusa da shi, akwai hanyar ruwa a ciki. A injin gas kuwa sau da yawa ana iya kwance bututun EGR, mai mayar da hayaƙi cikin inji, daga manifol a rufe gurbin da farantin ƙarfe mai ɗan baki, na lokacin gwaji kawai.

Wannan awo ba shi da ma'ana shi kaɗai, sai an haɗa da matsin iskar da turbo ke turawa. A sa geji na biyu a manifol ɗin iska, bayan an haɗa gejin biyu a famfon keke an ga bakinsu ɗaya. Mai karanta matsin iska ta OBD ya tuna cewa yawanci lambar ta haɗa da na sarari, sai ya cire kusan kPa 96, wato psi 14 ɗin nan, kafin ya kwatanta. Gwajin titi iri ɗaya ne da na baya.

Sai a raba matsin hayaƙi da matsin iska a kowane juyi. A tsakiyar juyi sukan yi kusa da juna. Can sama, ƙaramin turbo na kamfani yakan kai ɗaya da rabi zuwa biyu: iska 15, hayaƙi 22 zuwa 30. Motocin tsere masu manyan turbo suna neman ɗaya bisa ɗaya. In ka ga iska 20 hayaƙi 50, gidan farfelar ya yi wa injin kaɗan, duk ƙarin matsin da aka yi daga nan zafi kawai zai haifar. Irin wannan matsi yana iya ture ƙofar sakin hayaƙi, wadda ke kauce wa farfela da rarar hayaƙi, ta buɗe da kanta, shi ya sa matsin iska ke zubewa a ƙarshen juyi. Magani shi ne a rage matsi a sama, ko a sa gidan farfela mai faɗi a yarda cewa mota za ta ɗan yi jinkirin amsawa a ƙasa.

Hayaƙi da yawa iska kaɗan, a duba ɓangaren iska: tiyo ya tsage, intakula mai sanyaya iska tana yoyo, ko matatar iska ta cika da ƙurar hunturu, ko ƙurar ta riga ta cinye bakin farfelar iska. Duka biyun ƙasa, hayaƙi na tserewa kafin ya isa farfela, ta tsagar manifol ko gasket ko ƙofar saki da ta maƙale a buɗe. A injin gas mai turbo mai fikafikai masu motsi, irin injin 1KD na Hilux da yawancin 1.9 TDI, toka kan liƙe fikafikan a rufe, matsin biyu su yi tsalle tare tun a ƙasa, kwamfuta ta yanke ƙarfi. Wannan wanki yake so, ba sabon turbo ba.

Idan an gama, a bar inji ya yi silo minti biyu kafin a kashe, a jira ƙarfe ya huce. Ramukan da aka huda a rufe su da toshin ƙarfe mai tiredi, a shafa musu man hana kamewa irin mai jure zafi, don a iya buɗewa wani lokaci. Sansar da aka cire a ɗaura ta da hannu tukuna kafin sifana, kada man ya taɓa bakinta. A goge lambar laifin da ta shiga kwamfuta, a tayar da mota a saurari ko akwai tsiyayar hayaƙi a wuraren da aka taɓa. Lambobin da aka samu a rubuta su da kwanan wata da nisan da mota ta yi a ba mai ita ya ajiye cikin takardunta, tiyo da matatar kuma a busa su a fitar da ruwan da ya taru kafin a rataye.